Man Nijeriya a Kasuwar Duniya Mai Yaƙe-yaƙe: Ina Aka Dosa?

 Yau maganar mai za mu yi, ɗanyensa da tataccensa, da iskar gas da ke kwance tare da shi a ƙarƙashin ƙasa. Mai shago, ɗan ƙara muryar rediyon. Direba, in kana kan layi a gidan mai, to zancen naka ne. Uwargida, ke ma matso kusa, don kuɗin cefanenki na cikin maganar.

Bari mu faro daga nesa. Tsakanin Iran da Oman akwai wani mashigin ruwa da ake kira Hormuz. A inda ya fi ƙunci, faɗinsa kamar kilomita 33 ne, bai kai tafiyar Kano zuwa Wudil ba. Amma ta wannan ɗan lungu ne ake wucewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha kullum, na Saudiyya da Iraƙi da Kuwait da Daular Larabawa, har da iskar gas ta Ƙatar. A watan Yunin 2025, da Isra'ila da Iran suka shafe kwana 12 suna luguden wuta, ba a ma rufe mashigin ba a lokacin. Tsoro kawai aka ji, gangar ɗanyen mai ta tashi daga ƙasa da dala 70 ta doshi dala 80, gidajen mai a nan gida suka ƙara kuɗin lita. Da aka tsagaita wuta farashin gangar ya sauko cikin 'yan kwanaki. Mai A Daidaita Sahu a Kurna bai taɓa ganin Hormuz ba, amma ya ji shi a aljihunsa.

Haka kasuwar take. Ganga ɗaya lita 159 ce, kuma ba a Abuja ake yanka mata farashi ba. A kasuwannin Landan da Amurka ake cinikinta, da dala, kuma abin da ke motsa cinikin shi ne yaƙi, da takunkumi, da shawarar da manyan masu haƙowa suka yanke, da ƙarfin masana'antun Sin da Indiya. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, tana da kujera ana jin muryarta, amma gaskiyar magana ita ce Saudiyya da Rasha ne ke riƙe da akalar. Dattawanmu sun tuna zamanin da kuɗin mai suka kwararo bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973. Matasa kuma sun ga yadda ganga ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, tattalin arzikinmu ya durƙushe, jihohi suka kasa biyan albashi. Da hawan da saukar, babu wanda aka nemi shawararmu.

To idan farashi ba ya hannunmu, mene ne a hannunmu? Don amsa wannan tambaya ina so mu tsaya sosai a kan shekarar 2022, domin a ganina duk wanda ya fahimci abin da ya same mu a wannan shekara ya fahimci inda harkar ta dosa.

A watan Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren. Kafin wata ya zagayo ganga ta haura dala 120. Ƙasashen Turai, waɗanda kusan kashi 40 cikin 100 na iskar gas da suke shigowa da ita daga Rasha take zuwa, suka bazama duniya suna neman mai sayar musu. Jami'ansu sun zo har Abuja. Kamfanin mai na Saudiyya, Aramco, ya ci ribar dala biliyan 161 a wannan shekara kaɗai. Ƙatar da Norway da Aljeriya duk sun kwashi rabonsu. Mu fa? A watannin Agusta da Satumba na shekarar, ɗanyen man da muke haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan 1 a rana, mu da muka taɓa haƙo kusan miliyan biyu da rabi wajajen 2005. Angola ta sha gabanmu, Libiya mai fama da rikici ita ma ta sha gabanmu. Ɓarayi sun huda manyan bututun da ke kai mai tashar Bonny har kamfanoni suka gwammace su rufe rijiyoyi. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya shaida wa 'yan majalisa cewa an gano wani bututun sata mai tsawon kilomita 4 a yankin Forcados, wanda ya yi shekara 9 yana zuƙar mai zuwa cikin teku. Masana'antar sarrafa iskar gas ta Bonny kuwa, wadda Turawa suka zuba wa ido, ba ta samun isasshen gas da za ta yi aiki da cikakken ƙarfinta, ga ambaliyar Oktoba ta zo ta ƙara dagula lamarin.

Saura kuma wani rami. A wancan lokaci matatunmu huɗu na gwamnati, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, ba sa aiki, don haka duk fetur daga waje ake sayo shi. Duk sanda ganga ta yi tsada, fetur ɗin da muke sayowa ma ya yi tsada, kuɗin tallafi ya ƙaru. A 2022 tallafin mai ya lashe sama da naira tiriliyan 4, aka yi watanni kamfanin NNPC bai zuba komai a asusun da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi ba. Kasuwa ta ci, irin cin da ba a cika gani ba, mu kuma rumfarmu wayam. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bututu da rijiya da matata ba abubuwa ba ne da ake tanada ranar da yaƙi ya ɓarke a wata nahiya. Wanda ya gina su tun shekaru goma baya shi ne ya sayar.

Wani abin da ya kamata mai sauraro ya sani shi ne, abokin ciniki ma yana sauya sheƙa. Akwai lokacin da Amurka ke sayen fiye da ganga miliyan 1 a rana daga wurinmu. Da ta gano dabarar tatso mai daga cikin duwatsun ƙasarta, cinikin ya dinga raguwa, har a watan Yulin 2014 ba ta sayi ko ganga ɗaya ba. Indiya ta maye gurbin, ta zama babbar mai saye. Da Turai ta sa wa man Rasha takunkumi, Rasha ta karya farashi, Indiya ta koma can. Ga sababbin 'yan kasuwa suna shigowa: Guyana, 'yar ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka, ta fara haƙo mai a 2019, kafin shekara biyar ta wuce ganga 600,000 a rana. Senegal ta fara a 2024. A Sin kuwa, kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu amfani da lantarki ne, ko zalla ko haɗe da fetur. Ba cewa nake yi gobe za a daina shan mai ba, za a daɗe ana sha. Amma masu sayarwa na ƙaruwa, masu saye na neman mafita, kuma muna da ganga wajen biliyan 37 a ƙasa waɗanda darajarsu ta dogara ga samun mai saye a lokacin da aka fito da su.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka buɗe rediyonku, muna magana ne a kan makomar man Nijeriya. Adalci ne mu faɗi cewa abubuwa sun motsa tun bayan 2022. Dokar gyaran harkar mai, wadda aka fara kai ƙudirinta majalisa a 2008, ta samu sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a Agustan 2021, NNPC ya koma kamfanin kasuwanci a shekarar da ta biyo. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, aka kuma saki naira ta nemi farashinta. Kowa ya san abin da ya biyo baya, ba sai na ba ku labari ba: litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500. Talaka ya biya kuɗin wannan gyara da cikinsa, kuma yana da haƙƙin tambayar inda kuɗin da aka ce an tsimi suka shiga, musamman da yake kason gwamnoni na wata-wata ya ƙaru ƙwarai.

Babban sauyi shi ne matatar Ɗangote da ke Lekki a Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Wannan ya rage mana dogaro da jiragen da ke kawo fetur daga Turai, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai akwai tambayar da nake yawan ji a majalisa da tasha: tunda yanzu a gida ake tacewa, me ya sa fetur bai yi araha ba? Amsar ita ce matata sayen ɗanyen mai take yi, kuma da farashin duniya take saye, ko da naira aka biya. In ganga ta tashi a Landan, ta tashi a Lekki. Bayan haka ɗanyen man na gida ma ba ya isar ta, domin an riga an jinginar da wani kaso nasa wajen cin bashi. A 2023 kaɗai NNPC ya ƙulla yarjejeniyar rancen dala biliyan 3.3 ta hannun bankin Afrexim, da alkawarin biya da gangunan da ba a haƙo ba tukuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin ya kai ga a watannin Fabrairu da Maris na 2025, ɗanyen man da Amurka ta sayar wa Nijeriya ya fi wanda ta saya daga gare ta. Ka ji fa, mai sauraro. Ƙasar da ta fara fitar da mai tun 1958, shekara biyu bayan an gano shi a Oloibiri, ita ce ke sayo ɗanye daga Amurka don matatarta ta samu abin tacewa.

Manyan kamfanonin Turawa kuma sun tattara daga rijiyoyin tudu da na bakin gaɓa. Eni ya sayar wa Oando, ExxonMobil ya sayar wa Seplat, Shell ya miƙa nasa ga wata haɗakar kamfanoni mai suna Renaissance a Maris 2025. Sun koma can cikin teku mai zurfi inda ɓarawo ba ya kaiwa. 'Yan ƙasa sun karɓi rijiyoyin, abin farin ciki ne, amma sun gaji tsofaffin bututu da gurɓatacciyar ƙasa. A nan zan ɗan ratse in yi wa 'yan'uwana na Arewa magana. Idan muna lissafin ganga, mu riƙa tuna mutanen da ake haƙo ta a bayan gidajensu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Masuncin da kifinsa ya mutu, manomin da gonarsa ta koma baƙa, ba zai tsare maka bututu ba. Zaman lafiyar Neja Dalta yana cikin albashin malamin firamare a Gumel.

Yanzu mu leƙa maƙwabta, don 'yan'uwanmu na Nijar da ke sauraronmu sun ga wannan darasi ido da ido. Nijar ta fara haƙo mai a Agadem cikin jihar Diffa a 2011, ana tacewa a matatar SORAZ kusa da Damagaram, ganga 20,000 a rana. Daga baya kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar ruwa ta Seme a Jamhuriyar Benin, don a riƙa fitar da ganga 90,000 kullum. Aiki ya kusa kammala sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Takunkumi ya biyo baya, aka rufe iyakoki. Ko da aka ɗage takunkumin, Yamai ta ƙi buɗe nata ɓangaren iyakar, ita kuma gwamnatin Benin a Mayun 2024 ta ce ba za a yi lodin man ba. Sai da Sin ta shiga tsakani jirgin farko ya ɗauka. A watan da ya biyo baya aka kama wasu 'yan Nijar a tashar, Nijar ta rufe famfon, 'yan tawaye kuma suka fasa bututun a cikin ƙasar. Mai yana nan, bututu yana nan, mai saye yana jira, rashin jituwar maƙwabta biyu ya tsayar da komai na tsawon watanni. Sannan a Maris 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen man Yamai, domin fetur mai araha da 'yan bumburutu ke tsallakowa da shi daga Nijeriya ya ragu bayan cire tallafi, SORAZ kuma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar ita kaɗai.

Na kawo wannan ne saboda manyan mafarkanmu na iskar gas duk ta gidajen maƙwabta za su bi. Bututun da ake son ya ratsa Sahara zuwa Aljeriya, fiye da kilomita 4,000, dole ya keta Nijar. Wanda ake son ya bi gaɓar teku zuwa Maroko zai taɓa ƙasashe 13. Bututu ba ya tsallake gaba. Duk wanda ke hura wutar rashin jituwa tsakanin Abuja da Yamai, ya sani cewa bayan zumuncin Katsina da Maraɗi da yake ɓatawa, yana kuma toshe hanyar abinci.

Iskar gas ɗin nan ita ce nake so mu fi mai da hankali a kai. Masana kan ce Nijeriya ƙasar gas ce da aka yi sa'a tana da ɗan mai, domin abin da aka tabbatar yana ƙasa ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200, babu ƙasar Afirka da ta kai mu. Amma shekara da shekaru muna cinna masa wuta a bakin rijiya, har yau muna cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a banza, alhali uwargida a ƙauye na shaƙar hayaƙin itace, dazuzzukanmu na ƙarewa a buhunan gawayi. Da gas ake yin takin yuriya. Da shi yawancin tashoshin lantarkinmu ke aiki. Da shi za a iya tuƙa mota da A Daidaita Sahu a kan kuɗin da bai kai na fetur ba. Kuma ga inda ya sha bamban da ɗanyen mai: gas ɗin da aka ja ta bututu daga kudu zuwa arewa, aka ƙona a masana'antar gida, ba ya bi ta Hormuz, ba ya bi ta Bahar Maliya inda 'yan Huthi suka riƙa harbin jirage tun ƙarshen 2023. Gangar da ka sayar a waje dala take kawowa sau ɗaya. Gas ɗin da ya kunna injin saƙa aikin yi yake kawowa kullum.

Shi ya sa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya fi mini kowane aiki muhimmanci a wannan fanni. An ƙaddamar da shi a Yunin 2020, an sha ɗage ranar gamawa, sai a 2025 aka sanar da cewa ya tsallake Kogin Kwara, wurin da ya fi ba da wahala. Duk wanda ya san Kakuri a zamanin masaƙu, ko Sharaɗa da Bompai da Challawa lokacin da jiniyar canjin aiki ke tashin unguwa, ya san abin da rashin wuta da tsadar man dizal suka yi mana. Amma isowar babban bututu ba ita ce ƙarshen aiki ba. Sai an gina tashoshin lantarkin da aka yi alkawari, an ja ƙananan bututu zuwa ƙofar masana'antu, an samu isasshen gas da za a zuba a ciki, an kuma tsare shi daga masu fasawa. Rijiyar Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe ta koya mana haƙuri: an yi bikinta a Nuwamban 2022, shekara uku bayan nan ba a ga gangarta a kasuwa ba. Biki daban, aiki daban.

Sai maganar tanadi, a gajarce. An buɗe asusun rarar ɗanyen mai a 2004, ya tara wajen dala biliyan 20 zuwa 2008, shi ya tallafe mu a rikicin tattalin arzikin duniya na wancan lokaci. Daga nan aka dinga ɗiba ana rabawa har ya koma ƙasa da dala miliyan 1. Kasafin kuɗin 2025 an gina shi a kan ganga dala 75 da haƙo miliyan 2.06 a rana. Da Shugaba Trump na Amurka ya ƙaƙaba wa duniya harajin kaya a Afrilu, ƙasashen OPEC kuma suka ƙara yawan man da suke fitarwa, ganga ta sauko wajen dala 60, haƙon namu kuma bai kai inda aka sa rai ba. Giɓin da ya rage bashi ne ke cike shi, kuma 'ya'yanmu ne za su biya.

Don haka, jama'a, duk ranar da kuka ji a labarai cewa yaƙi ya ɓarke, ganga ta tashi, kada ku yi saurin cewa kakarmu ta yanke saƙa, domin ku ne za ku fara biya a gidan mai. Ku tambayi ganga nawa muka haƙo a wannan wata, hukumar da ke kula da haƙo mai tana wallafa adadin. Ku tambayi nawa jiharku da ƙaramar hukumarku suka karɓa daga kason tarayya, shi ma ana bugawa. Ɗan majalisarku in ya zo gida, bayan gaisuwa, ku tambaye shi yaushe gas zai shiga Kakuri da Sharaɗa, kuma wace masana'anta ce za ta fara kunna inji da shi. 'Yan kasuwarmu masu hali kuma, ina roƙonku ku fara shirin wannan rana tun yanzu, kada gas ya iso Kano ya tarar babu mai saye.